Baba Ari Mai Ban-Ruwa da Dare

Ya kamata in faɗa tun farko cewa abin da zan rubuta ya daɗe ƙwarai, kuma mai yiwuwa tsufa ya cakuɗa mini wasu abubuwa. Shekarar ba zan iya rantsewa a kanta ba. Na dai san cikin shekarun 1930 ne, a Gure, shekarata ta farko a lakwal, wato makarantar boko, ina ɗan tara ko goma. Ranar kuwa Alhamis ce, wannan ba na shakka, domin a zamanin ba a karatu ran Alhamis. Bazara ce, da zafinta tun asuba. Ina cikin kwance akuyoyi daga turke sai ga Baba Ari, ƙanen mahaifina, yana gangarowa daga tudun yashi, wandonsa jiƙe har gwiwa, da ƙullin albasa a kafaɗa. Ya ajiye wa Kaka albasar a bakin ɗakinta, ya sha kunun da ta rufe masa da faifai, ya shiga bukkarsa ya saki asabari. Haka yake yi kullum. Lokacin da gari ke tashi, shi a lokacin yake kwanciya.

Kaka, wato mahaifiyarsu, ta ce tun yana goye haka yake, ido biyu har gari ya waye. An sha kai shi wajen malamai, ya sha rubutu ya fi a ƙirga, barcin dare dai bai zo ba. A unguwa Ari Mujiya ake ce masa. Ya taɓa yin aure, amma matar damina ɗaya ta yi ta koma gidansu. An ce ta gaya wa mata a bakin rijiya cewa da rana gawa ne, da dare kuma babu shi, to ita da wa za ta zauna? Mahaifina yakan yi masa faɗa, musamman da damina, sai dai faɗan ba ya nisa, saboda in an je gona da safe akan tarar ya nome kunyoyinsa a farin wata, har ya ɗan taɓa na wasu. In samari suka tsokane shi a ƙofar masallaci, murmushi yake yi ya ce, "Rana taku ce, na bar muku ita duka. Ku ma ku bar mini nawa."

Aikinsa na gaske a garka yake. Muna da ƴar garka a cikin kwari bayan gari, inda ruwa ke kusa, da albasa da barkono da ɗan alkama, da dabino biyu ko uku a gefe. Shi yake ba su ruwa da jigo, daga bayan isha'i har gamzaki ya fito. Ya ce da rana yashi da zafi ne suke shanye ruwan kafin ya kai saiwa, kuma rijiyar ta fi tarawa da dare. Ban san ko masana za su yarda ba, amma albasarmu ta fi ta maƙwabta girma. Sau kaɗan Inna ta bar ni na bi shi. Ina tuna kukan icen jigo in ya sunkuya, da yadda ruwa ke bin ƴar hanyarsa yana sheƙi, yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, Baba Ari yana toshe wannan da ƙafa yana buɗe wancan ba tare da ya duba ba. Ya san kowace bushiya da ke shigowa ta ƙarƙashin shinge. Akwai wata yanyawa mai manyan kunnuwa da takan zauna a kan tudu tana kallonmu, yana gaishe ta kamar maƙwabciya. A garkar nan yana da magana da dariya, shi da a gida da wuya a ji muryarsa. Matsalar ita ce babu mai ganin wannan aikin. Abin da gari ke gani shi ne ƙato kwance da hantsi.

A lakwal kuwa, mushenmu, wato malaminmu, baƙo ne daga nesa, kuma ya hana mu Hausa da Barbarci a cikin aji. Faransancin da muke da shi a lokacin bai cika tafin hannu ba. Mun haddace sunayen ranaku, da ƙirga zuwa ashirin, da ƴan kalmomin da yakan sa mu kwaikwaya muna faɗi: ci, sha, gudu, zama, barci. Ni ne na fi kowa saurin kamawa, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Da hantsin wannan Alhamis, mahaifina ya tafi kasuwar Gidigir da jakuna, sai ga wani Bature da tafinta da masu gadi biyu suna bin gida gida. Ana neman mazaje don aikin hanya, irin wanda ba a tambayar ra'ayin mutum. Yadda na fahimta daga baya, akan bar wanda ake ganin gida ya dogara da shi, a ɗauki wanda ba shi da wata sana'a. Aka ta da Baba Ari, ya fito yana kare ido da hannu, shatin tabarma a kumatunsa. Tafinta ya buɗe baki zai yi tambaya, sai Baturen ya hango ni da allon lakwal, ya ɗaga wa tafintan hannu ya dakatar da shi. Ina jin so ya yi ya gwada ko ana koya mana wani abu. Ya nuna Baba Ari, ya tambaye ni a hankali, da Faransanci, me wannan mutumin yake yi.

Na gane tambayar, kuma murnar ganewar ta cika mini ciki. Na ƙame kamar a aji na ce, "Il dort." Wato yana barci.

Ya tambaya ko kullum ne, na ce i, don gaskiya ne. A nan na ji cewa amsar ba ta cika ba. Na so in ce da dare yake ban-ruwa. Kalmar dare na san ta, na faɗe ta, "La nuit," sai na tsaya, domin ba a koya mana yadda ake cewa ban-ruwa ba. Na lalubi kaina ban samu komai ba. Baturen ya yi dariya ya ce wa tafinta wani abu, shi kuma ya juya ga masu gadin ya ce da Hausa ƙasa-ƙasa, wai yaron ya ce har da daren ma barci yake yi. Da na yi magana da Hausa a lokacin, wataƙila da an saurare ni. Amma mushe ya hana, kuma ga Bature a tsaye yana shafa kaina.

Ba a ba shi lokaci mai yawa ba. Ya ɗauki bargonsa da buta, ya durƙusa ya gaida Kaka. Da ya zo wucewa ta gabana, ya ce, "Ɗana, ka gaya wa babanka fangalin gabas bai sha ba jiya. Kada a ba shi da rana." Ban ga alamar ya san abin da na faɗa ba. Kaka ma ba ta sani ba. Cikin kukanta da maraice tana gaya wa matan da suka zo jaje cewa ko ba komai jikanta ya yi magana da Bature baki da baki.

Waɗanda aka ɗauka tare da shi sun fara dawowa gab da damina. Shi bai dawo ba. Wani mutumin Kelle da suka yi aiki wuri ɗaya ya biyo ta gidanmu, na laɓe a bayan dangar kara ina ji. Ya ce Ari ba ya iya barci a sansani, sai ya tashi yana zagayawa cikin dare, masu gadi suka ɗauka gudu yake nema, suka riƙa ɗaure shi a jikin ice daga magariba zuwa asuba. Da rana kuma ga dutse a ka. Ya ce wata rana da azahar ya faɗi, aka ɗauke shi, shi dai bai sake ganinsa ba. Iyakar abin da muka taɓa ji ke nan. Mahaifina ya gwada riƙe garkar, amma shi mutumin rana ne, kafin shekara biyu yashi ya rufe rijiyar.

A shekara ta biyu a lakwal, wata safiya mushe ya rubuta sabuwar kalma a allo, "arroser", ya ɗauki gwangwani yana zuba wa wata shuka ruwa don mu gane. Yara suna maimaitawa da ƙarfi. Ni na kasa buɗe baki, har ya buge ni a kan haka. Daga baya na yi karatu cikin wannan harshen har jami'a, na koyar da shi shekaru masu yawa, kuma Kaka da mahaifina sun rasu ban gaya musu abin da na faɗa wa Baturen ba.

Yanzu in na je Gure nakan ga fitilu a bakin hanya, samari suna shan shayi har asuba ba mai kiransu mujiya, ga masu gadi da ma'aikatan asibiti da ake girmamawa don suna kwana ido biyu. Da a wannan zamanin aka haife shi, ina jin da ya tsufa a cikinmu.

Ina roƙon duk wanda ya ga wannan rana, ko ya ji daga iyayensa a Gure ko Kelle ko Gidigir, ya gyara mini inda na yi kuskure. Wani dattijo ya taɓa ce mini akan zaɓi mutanen da za a ɗauka tun kafin Bature ya fito zagaye, tambayar ƙofar gida al'ada ce kawai. Ban samu wanda ya tabbatar mini ba. In haka ne, a taimaka a sanar da ni. In ba haka ba ne, shi ma ina so in sani.