Ƙanena Mai Gyaran Gawarwakin Misra

A shekara ta biyu da ruwan sama ya ƙi mu, ƙanena ya dawo daga Misra. Karatu ya kai shi, amma da guzuri ya ƙare sai ya samu aiki a gidan tarihi, inda ake adana gawarwakin mutanen zamanin Fir'auna. Ya ba mu labarin yadda suke share su da buroshi mai laushi, su kashe ƙwarin da ke cin likkafanin, su ɗinke inda ya yage. Baba, wanda ya riga ya makance, ya nemi tsari da Allah, amma ya saurara har ƙarshe.

Ni da kaina na nuna masa littattafan kakanmu. Rubutun hannu ne cikin gafaka huɗu, gara ta fara cin gefensu. Tun da Baba ya daina gani ni nake shanya su duk rani. Sati uku ƙanena yana kansu a zaure, yana raba takardun da suka manne da bakin aska, yana liƙa wata siririyar takarda a duk inda ya ɓalle. Ban taɓa ganin hannu mai haƙuri irin nasa ba.

"Yaya, sauran aikin sai a birni," ya ce. "Akwai maganin da babu a nan."

Ni na ɗauko su a bayan keke har tashar garin Zakirai, na sa shi a mota. Ba a daɗe ba ya aiko da buhunan gero, muka yi ta sa masa albarka.

Da damina ta wuce babu littattafai, na bi shi birni. Ya kawo mini ruwa, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Wani bature ya saye su," ya ce. "Can ƙasarsu za su fi daɗewa, Yaya. Geron da kuka ci kuma daga ina kake tsammani?"

"Da ka tambaye ni."

"Da ka hana."

Gaskiya ne, da na hana. Kuma ban san ko yarana za su kai girbi ba da babu geron nan. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, tun yana zaune a zaurenmu ya san wa yake gyara wa.

Shekara biyu Baba yana tambaya, ina ce masa ana kan aiki. Ya rasu bai sani ba. Ranar jana'iza ƙanena ya tsaya kusa da ni a sahu. Da aka gama na ba shi hannu, na wuce gona.