Mutanen Ganuwa da Masu Ƙaho

Ni da abokina mun fara wasan nan ne a rumfar cajin waya da ke bakin tashar Boɗinga. Wasan yaƙi ne tsakanin Mutanen Ganuwa da Masu Ƙaho, kuma duk matakin da ka ci sai a nuna maka ɗan gajeren fim na labarin. Shi ya zaɓi Ganuwa. Ni na ɗauki Masu Ƙaho, don gidanmu makiyaya ne, kuma dabbobinsu sun yi mini kama da shanunmu.

A wayarsa, Masu Ƙaho dodanni ne masu jajayen idanu, suna fitowa daga hayaƙi su tattake gonaki. A tawa kuwa, mutane ne da 'ya'yansu, tsaye a bakin kogin da Mutanen Ganuwa suka datse, ƙishirwa na kayar da dabbobinsu. Mukan jera wayoyin mu yi ta gardama muna dariya.

Wani rani shanunmu suka kuɓuce wa yayana, suka afka gonar albasa a Dingyadi. Gonar mahaifin abokin nan nawa ce. Kafin labari ya iso mu, samari sun fasa wa yayana kai sun kulle shi a wani ɗaki a gidan mai gonar. Inna ta zube a tsakar gida. Baba yana kasuwar Shagari, wayarsa ba ta shiga.

Na ari mashin na tafi. Na tarar da abokina a ƙofar gidansu, ƙafafunsa duk laka.

"Don Allah ka yi wa Babanka magana," na ce. "Jini yake zubarwa. A bar ni in kai shi asibiti, sannan a yi duk hukuncin da za a yi."

"Ka ga gonar? Tahi ka gani. Haka kuke, kullum haka kuke."

"Mu wa?"

Ya ɗago ido ya dube ni. Kallon da ya yi mini, irin wanda yake yi wa dodannin wayarsa ne. Na durƙusa na riƙe ƙafarsa a gaban jama'a, ina haɗa shi da Allah. Ina jin nishin yayana ta bayan ƙyaure, yana raguwa. Na ce su kulle ni a madadinsa. Wani ya yi tsaki.

Mahaifiyar abokina ce ta fito daga cikin gida, mayafi a karkace. Ta miƙa wa mai riƙe da makulli hannu.

"Ba ni. Ba a kashe ɗan mutane cikin gidan ga."

Ita ta buɗe da kanta. Aka ɗora mini yayana a baya, ta cire mayafinta ta ɗaure mu tare don kada ya faɗi. Muna hawa titi na ji bakinsa a kunnena, yana tambaya ko an samu wanda ya kora shanun gida. Na ce an samu, alhali ban sani ba, na ƙara wuta.