Ƙofar da Aka Yanka a Jikin Rumbu

Ina kan keken ɗinki a shagona na unguwar Ɗan Iya, da hantsi, maƙwabcinmu ya tsaya a bakin ƙofa, ko babur ɗinsa bai kashe ba. Ya ce, "Malam, taso. Rumbun kamfani ya faɗi, ƙanenka yana ƙasa."

Kamfanin abincin kaji ne a bayan Tirwun, mai rumbunan ƙarfe biyu, kowanne ya fi bene tsawo. Da muka isa, ɗaya ya durƙushe ta gefe kamar gwangwanin da mota ta taka, masara ta malale har bakin katanga. Da shebur da kwanuka aka tono gawar ƙanena. Ni na cire masa ƙwayoyin da suka shige kunnensa.

Daga baya injiniyan da aka ɗauko ya yi bayani. Irin wannan rumbu ta sama ake zubawa, ta tsakiyar gindi ake ja, don nauyi ya sauka daidai ta ko'ina. To, injin da ke jan hatsin ya lalace tun da damina. Mai kamfanin bai gyara ba. Cewa ya yi kakansa a Miri ta gefe yake ɗiban dawa a rumbun laka, kuma bai taɓa faɗuwa ba. Aka kira mai walda ya yanka ƙofa a jikin ƙarfen. Masara ta yi ta zurarewa ta ɓangare guda, nauyi ya karkata, har bango ya lanƙwashe. Shi kansa marigayin yabon ƙofar yake yi. "Yaya, yanzu buhu kawai muke tarawa," in ji shi.

Mai kamfanin ya zo zaman makoki da babbar riga da buhun shinkafa.

"Sai haƙuri, Malam. Kwana ne ya ƙare."

"Haka ne, Alhaji."

Na yarda da ƙaddara. Amma ban taɓa jin inda ta riƙe wutar walda ba.

A gaban jama'a ya sanar cewa ya ba autanmu aikin marigayin. Aka yi ta sa masa albarka. Autan namu magidanci ne, ya daɗe yana neman aiki, ya karɓa. Ban iya hana shi ba.

Da na raka Alhaji mota, na ce, "Ɗaya rumbun fa? An ce shi ma an yanka masa ƙofa."

"Za a toshe, in sha Allahu. Bari a kwashe na ciki tukuna."

"Ta ina za a kwashe?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan matarsa, ya rufe gilashi.

Ta wannan ƙofar dai ake kwashewa, autanmu ne ke tara buhu. Kaka ta zo, an sake cika rumbun, an yi masa sabon fenti har da ƙofar. Har yau ba a toshe ta ba.