Kunya Uku a Nahuce

Gusau

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame Asuba, na bar Damba zuwa tasha. Ni malamin gona ne. Hafsatu, 'yar ƙanwata, ta haɗa manhajar waya mai lissafa takin da gona ke buƙata, ta ce in gwada ni kaɗai. Da rawar kaina na tura wa manoma biyu, Malam Sani da Alhaji Bawa, ina taƙama da 'yarmu. Sai jiya ta gano manhajar tana ninka takin, abin da zai ƙone masara. Na yi ta kiransu, layi ya ƙi shiga, dole in bi su da kaina.

A mota na kira Hafsatu, na tambayi ma'anar "alfa" da ke rubuce a jikin manhajar. Ta ce alfa da beta haruffan farko ne na Girkanci, kamar alif da ba. Tun shekarun 1950 masu ƙera kwamfuta ke cewa gwajin A da gwajin B, sunan ya bi daga nan. Alfa gwajin cikin gida ne, beta a ba mutum kaɗan na waje, sai an gyara a sake wa kowa. "Kawu, kai duk ka tsallake," in ji ta.

Tsafe

Bayan shinge uku muka isa bakwai saura kwata, na hau acaɓa zuwa 'Yandoto. Malam Sani ko takin bai saya ba tukuna. Ya dama mini fura, na sha rabi a tsaye.

Bungudu

Na komo Gusau na sake mota, sha ɗaya ta yi mini a Nahuce. Na tarar da Alhaji Bawa a gona, buhunan taki wayam. Ya ja ni kusurwar gonar, ya nuna mini kunya uku da suka ƙone, sauran masarar kuwa shar.

"Mu ko iri anka kawo muna sabo, kunya ukku muka ba shi tukun," ya ce. "Balle waya."

Sauran gonar da awonsa na kullum ya zuba. Na zauna a ƙasa ina dariya, wallahi har da hawaye.

Gida

La'asar na shigo Damba lafiya, na gode wa Allah da ya rufa mini asiri. Hafsatu ta ce Alhaji Bawa za ta ba betar. Ni kuwa in jira ranar da aka sake wa kowa.