Nakiyar da Ke Jiran Tarakta

Ko yau aka tashe ni daga barci zan ba da labarin ranar da aka tura mu wani ƙauyen masunta a bakin ruwan Tiga, ta wajen Tudun Wada. Ina Sufeton 'yan sanda a lokacin, a sashen kwance bama-bamai, da kofur biyu a ƙarƙashina.

Wani manomin rani, Malam Hudu, ya sayi tarkacen ƙarfe a hannun 'yan gwangwan. A ciki ya sami wani faffaɗan ƙarfe mai nauyi kamar murfin tukunyar biki, ya danne tiyon injin ban ruwansa da shi a bakin hanyar gona. Wani tsohon soja ne ya gani, ya kai rahoto.

Daga nesa na leƙa da madubin hange. Nakiyar tankar yaƙi ce, irin ta zamani.

Na sa a janye jama'a. Malam Hudu ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, wannan ai mushe ce. Kwana nawa ina zama a kanta ina cin goro!"

Na ce, "Baba, ba kai take jira ba."

Ga abin da na bayyana masa. Tsohuwar nakiya ba ta tashi sai abu mai nauyi ya taka ta. Wannan kuwa mutum ɗaya zai ɗauke ta ya ajiye, kuma tana da batir da 'yar na'ura mai jin girgizar ƙasa da kusantowar babban ƙarfe, kamar yadda maganaɗisu ke jin allura. Mutum ko akuya ba su dame ta ba. Babbar mota take saurare. Ko batirin ya mutu ko yana raye ba wanda ya sani, kuma a ƙa'idarmu abin da ba ka sani ba rayayye ne.

Muna cikin haka mai gari ya iso, muka gaisa. Ya ce, "Kada ku wahalar da kanku. A garin nan baƙo ba ya ɗaukar kaya. Tun da aka ce kuna tafe na aika ƙanena Isiyaku ya zo da tarakta ya jawo muku ita."

Bai rufe baki ba na jiyo rurin inji. Hanyar ɗaya ce, kuma ta gefen nakiyar ta bi. Aka kira wayar Isiyaku, ina zai ji a cikin wannan ƙara!

Ku da kuka san ni kun san tumbina. Wallahi ranar ban san ina da shi ba. Na yi wa nakiyar nisa, na yanka ta fangalan albasa, takalmi ɗaya ya maƙale a taɓo, na faɗo kan hanya na ɗaga hannu biyu. Isiyaku ya taka birki, hancin taraktar ya kusa taɓa ƙirjina.

Ya ce, "Yallaɓai, lafiya? Taimako na zo yi."

Na ce, "Kashe injin! Taimakon ke nan."

Da muka tabbatar kowa ya yi nisa, na sanar da shugabana, ya ba da izini, muka tarwatsa ta a inda take. Ƙarar ta tayar da tsuntsayen bakin ruwa kaf. Malam Hudu ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce, "A nan nake zama fa." Mai gari kuwa ya riƙe hannun ƙanensa gam. Ban taɓa jin daɗin aikina kamar ranar ba. Muka koma da ƙaton kifin da suka ba mu, ni da takalmi ɗaya.

Ku yaran yanzu masu shiga aikin nan, na'ura za ku iya karantawa a littafi. Mutanenmu ne ba a rubuta ba, kuma ba za su ga baƙo da aiki su naɗe hannu ba. Tun daga ranar, duk garin da na sauka, kafin in tambayi inda abin yake sai na tambayi mai gari, "Ranka ya daɗe, wa ka aika ya taimake mu?"