Asabar ɗin Baffa Shukri

Baffa Shukri, yayan mahaifinmu, shekara talatin da ɗaya ya yi a wani gidan bene a birnin Haifa, shi kaɗai ne Balarabe a cikinsa, sauran duk Yahudawa ne. Direban bas ne, bai taɓa aure ba. Ƙauyenmu kuwa sai da sallah yake leƙowa, a yi ta tsokanarsa wai ya zama Bayahude.

Ranar Asabar maƙwabtansa masu riƙon addini ba sa taɓa makunnin lantarki don ranar hutun ibadarsu ce, ba kuma sa roƙon wani kai tsaye ya kunna musu. Sai dai tsohuwa Tsipora ta ƙwanƙwasa masa ƙofa ta ce, "Shukri, ɗakina yau kamar tanderu."

Ya sauka ya kunna mata fanka, ya ce, "Iya, zafi ne ko gulma ce ta taru?"

"Rufe min baki ka zauna, tuzuru."

Ta turo masa shayi da biskit. Haka yakan zaga ƙofa huɗu ko biyar. Duk mako, ranar ce kaɗai ake kiran sunansa a gidan.

Sai aka fara wani wasan barkwanci a talabijin, kan Balaraben da ya tare a unguwar Yahudawa, yana ta fafutukar a ce shi ma na gida ne. Wani mako aka nuna shi ya ci ado an gayyace shi, ashe wutar banɗaki ake so ya kunna. Baffa ya yi dariya har da hawaye, shi kaɗai a ɗaki.

Bayan kwana biyu Tsipora ta tare shi a matakala, tana kauda ido.

"Mun ga wasan nan, mun ji kunya. Shekara da shekaru mun mayar da kai ɗan aike. Ɗana ya saka mana na'urar da ke kunna komai da kanta, sauran ma sun saka. Ka huta."

"Madalla," in ji Baffa.

Asabar ta zo, ba wanda ya ƙwanƙwasa. Ya sauka har ƙofarta, ya ɗaga hannu ya sauke. Bai taɓa shiga ɗakin kowa ba sai an kira shi, bai san me zai ce ya kawo shi ba.

Da la'asar ya bugo wa mahaifinmu waya. Aka gaisa, sannan ya ce, "Ƙanena, babu abin da ya lalace a gidanku ne, in zo in duba?"