Kaskon da Na Ɓoye a Jos

Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara arba'in da ɗaya da 'ya'ya shida, kuma ko sunana ban iya rubutawa da boko ba. A layinmu na Mafoni, nan Maiduguri, da abu biyu aka san ni: haɗa turaren wuta da rashin barin ta-kwana. Ni ke haɗa wa amare kajiji da sandal, ni ce kuma wadda in mai keke ya ƙara mini kuɗi sai duk titi ya ji muryata. Ban saba a ce mini kar in yi abu in bari ba. Na fara da wannan ne don kada wata ta karanta ta ce ai baiwar Allah, rashin sani ne ya ja mata. Akwai rashin sani a ciki, amma ba shi ne babban laifina ba.

Maigidana yadi da laffaya yake sayarwa a Kasuwar Litinin. Mutum ne mai sanyin hali da yawan barkwanci, irin wanda in ina faɗa yake tambayata ko a kawo mini ruwa in jiƙa maƙogwaro. Shekara ashirin da uku muna tare, ban da biki da gaisuwar rasuwa bai taɓa fita da ni ko nan da Damaturu ba. Shekarun da garinmu ya sha wahala a gida muka yi su, kowa ya san yadda aka yi. Da muka aurar da 'yarmu ta fari, sai ya ce zai kai ni Jos kwana huɗu, mu biyu kawai, in ga garin da ya yi zaman koyon ciniki yana saurayi. Mahaifiyarsa ta ce tsofai-tsofai da mu za mu tafi amarci cikin wannan sanyi, ni kuwa na ce mata wanda ban samu da fari ba ne zan karɓo. Ranar haɗa kaya ya ga na ɗauko kaskona na ƙarfe da ƙullin gawayi, ya ce in bar su. Na ce masa 'yar Barno ba ta kwana ɗakin da ba ƙamshi. Da ya fita na naɗe su cikin zani na tura ƙasan akwati.

Otal ɗin da muka sauka mai hawa uku ne, ɗakinmu a na biyu, da darduma mai laushi da tagar gilas wadda in ka rufe ko ƙarar mota ba ka ji. A bayan ƙofa akwai takarda a manne. Ya karanta mini, ya ce an hana kunna wuta kowace iri a ɗaki, ya ƙara da cewa in na ƙona musu darduma ni za su riƙe, shi ya koma gida ya huta. Kun ji dai, an faɗa mini. Sai dai ni a raina na ɗauka dardumarsu suke ji, ni kuwa tun ina 'yar shekara goma nake riƙe kasko ban taɓa ƙona ko tabarma ba. Kwana biyun farko mun ji daɗi. Ya zaga da ni kasuwa, ya nuna mini duwatsu a kan duwatsu kamar hannu ne ya ɗora su, ya saya mini kayan lambun da ban taɓa gani ba. Amma sanyin garin ba irin namu ba ne, har cikin ƙashi yake shiga, shi kuma dama yana da ciwon gwiwa. Bargo biyu muka rufa yana ta karkarwa.

Rana ta uku bayan sallar asuba ya koma ya kwanta, ya dunƙule yana cewa gwiwarsa kamar ana sara. Da gari ya fara haske na ɗauki ƙaramar tukunya mai murfi na sa a kwando, na sauka ƙofar otal wurin wata mai ƙosai. Na sayi ƙosai, na roƙi garwashi ta ba ni. Na wuce ma'aikacin da ke zaune a ƙasa ina gaishe shi, kwando a ƙarƙashin laffaya. A banɗaki na juye garwashin a kasko, na cika shi da gawayi, na fifita har ya yi jajir, hayaƙi ya ɗauke gaba ɗaya. Abin da aka koya mana ke nan tun muna yara: hayaƙi ne mugu, in gawayi ya ruru ya yi ja to ya zama lafiya. Na kai shi gefen gado daidai ƙafafunsa, na barbaɗa turare kaɗan. Don kada ƙamshi ya fita ya tona mini asiri, na duba taga ta rufu ruf, na naɗe tawul na toshe ƙasan ƙofa. Ya buɗe ido ya ga kaskon, ya ce ke dai ba kya ji, amma da ɗumi ya ratsa shi sai ya miƙe ƙafa ya yi barci. Na ƙara gawayi, na shiga banɗaki na ja ƙofa. Can akwai 'yar taga a sama a buɗe. Na yi wanka, na wanke mana kaya, na zauna na tsefe kaina. Na daɗe ƙwarai.

Da na fito, ɗakin ya yi ɗumi mai nauyi. Kafin in ƙarasa shafa mai kaina ya fara sarawa, zuciyata na tashi. Na ce masa ya tashi ƙosai ya huce, bai motsa ba. Na ja ƙafarsa, na kira shi da sunan da ba na kiransa da shi sai muna mu biyu. Na ɗaga hannunsa na saki, ya faɗi kamar tsumma. Ya yi amai a kan matashi, numfashinsa na fita da gurnani. Ban san me gawayi ke yi wa mutum ba, amma jikina ya ba ni kaskon nan ne. Ga abin da ya sa nake wannan rubutu: ban yi ihu ba. Kaskon na fara ɗauka. Na kai banɗaki na sheƙa masa ruwa, na juye gawayin a leda, na naɗe su a zani na tura ƙasan akwati, na ɗauke tawul daga ƙofa, na buɗe taga na kaɗa labule. Mijina na kwance yana gurnani ni ina goge toka a ƙasa. Sai da na ga ba alama, sannan na fita na kira mutane.

Ma'aikatan otal suka ɗauke shi zuwa wani asibiti da ke kusa. Likita ya tambaye ni me ya ci, wane magani yake sha, ko ya faɗi, ko akwai wani abu da ya faru a ɗakin. Na ce lafiya lau muka kwana, barci kawai ya koma. Na dubi idon mutumin nan na faɗi haka, manajan otal yana tsaye a gefena. Abin da ke raina shi ne 'yan sanda, da bakin dangin miji, da yadda za a ce a Mafoni ta kai shi wani gari ta kashe shi. Ƙarƙashin duk wannan kuma akwai wanda ya fi su muni: an ce kar in yi, na yi, kuma ba na son a ce ni ce da laifi. Ma'aikatan asibiti suka auna jininsa, suka auna suga, suka maƙala masa wani abu a yatsa suka ce iskar jikinsa daidai take. Likita ya ce yana zargin shanyewar ɓarin jiki, sai an kai shi wani wuri an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Aka shiga neman mota. Yayan maigidana ya kira daga gida ya ce in faɗa masa gaskiya me ya sami ɗan'uwansa, na ce ikon Allah. Ina zaune a benci ina jan carbi, ina roƙon Allah ya tashe shi ba tare da na buɗe baki ba. Haka na yi wajen awa biyu.

Ana shirin fito da shi ne amai ya taso mini, na durƙusa bakin kwata. Likitan ya zo ya tsaya a kaina, ya tambayi ko ni ma kaina na ciwo, na ce eh. Ya juya ga manaja ya tambayi inda janaretonsu yake, aka ce can bayan gini, nesa da ɗakuna. Sai ya durƙusa daidai fuskata, ya rage murya, ya ce Hajiya, in akwai abin da kika sani to yanzu ne yake da amfani, an jima kaɗan ba zai amfani kowa ba. Ta ƙofa ina hango tafin ƙafar maigidana a kan gadon da ake tura marasa lafiya. Na buɗe baki Hausa ta gudu, Kanuri ke fitowa, sai da na haɗiye na ce gawayi, na rufe ɗaki da gawayi. Bai zage ni ba, ko kallona bai sake yi ba. Ya miƙe da gudu yana kiran a kawo tukunyar iska, a fasa tafiyar. Aka rufe masa hanci da baki da abin shaƙa, ni ma aka kwantar da ni aka sa mini.

Sai washegari da la'asar ya buɗe ido. Likitan ya yi mini bayani daga baya cewa gawayi ko ya yi ja yana fitar da wata iska marar launi marar wari, kuma abin yatsan nan ba ya gane ta. A gida ɗakunanmu labule ne a ƙofa, iska na shiga tana fita, shi ya sa muke tsira. Na tambaye shi ko awa biyun nan da na yi shiru su suka cuce shi. Ya ce ba zai iya rantsewa ba, amma da an sa masa iskar da wuri da ya fi. Na so ya ce mini a'a, bai ce ba.

Kwana tara muka yi kafin mu dawo. Yana tafiya, yana ci, yana sallarsa, amma mutumin da ya san abokan cinikinsa har da sunayen 'ya'yansu yanzu sai ya gaisa da mutum sau biyu a zama ɗaya. Ya taɓa fitowa daga masallacin kasuwa ya kasa gane layin rumfarsa. Babban ɗanmu ne a rumfar yanzu. Ni kuma na shiga makarantar manya ta yamma, saboda katin asibiti da takardun maganinsa ba zan riƙa kai wa maƙwabta su karanta mini ba. Danginsa har yau abin da suka sani shi ne iskar ɗakin otal ce ta buge shi.

'Yan'uwana mata, musamman mu da aka haifa da kasko a hannu, kada ku rufe ɗaki da gawayi, ko na turare ne, ko sanyi zai tsaga ƙashi. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne, in kin yi ɓarna kuma rai na kwance a gabanki, ki faɗa tun tambayar farko. Zagin dangi da surutun unguwa duk ana warkewa. Ni na tsaya kare sunana, kuma ga shi sunan yana nan lafiya lau, ba wanda ya taɓa shi.

Shi kam na faɗa masa komai bayan wata uku, har da goge tokar. Ya ce ya yafe, ai ɗumi na so in ba shi. Sai dai ba ya riƙewa. Bayan 'yan watanni sai ya dube ni ya ce wai me ya same shi ne a Jos. Sau biyar ke nan ina ba shi labarin daga farko, kuma kowane karo Shaiɗan na ce mini in tsallake wurin akwatin, ai ba zai sani ba. Ban taɓa tsallakewa ba.